Yadda Ake Gina Tauraron Gajeren Labari Mai Kaɗaici da Zurfin Ciki

A cikin gajerun labaran da matasan marubuta suke kawo mini in duba a nan Katsina, akwai wata jimla da na gaji da cin karo da ita, wato inda marubuci zai ce tauraruwarsa "ta kasance cikin matsanancin kaɗaici, ba ta da kowa a duniya," sannan a sakin layi na gaba a same ta zaune a tsakar gida tare da mahaifiyarta da ƙannenta shida da matar yayanta. Marubucin bai yi ƙarya ba, domin mutum yana iya zama a tsakiyar mutum goma alhali zuciyarsa ba ta tare da ko ɗaya daga cikinsu, amma ya tsallake aikin da ya rataya a wuyansa, ya faɗa mana da baki abin da ya kamata mu gano da idonmu.

Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da nake bi idan na zauna gina irin wannan tauraro, wato mutumin da kaɗaici yake ci a hankali, alhali shi da kansa ne ya gina katangar da ta hana a kai gare shi. Aikin yana yi mana wuya saboda wani dalili na gado. Tatsuniyar da muka taso da ita labarin aiki ce, Gizo ya tafi, Gizo ya dawo, Ƙoƙi ta ce kaza, kuma littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 galibinsu labaran tafiye-tafiye ne da jarunta da abubuwan al'ajabi. Mun ƙware wajen ba da labarin abin da mutum ya aikata. Shi kuwa mai zurfin ciki, labarinsa yana cikin abin da ya ƙi aikatawa da maganar da ya haɗiye, don haka sai an koyi wata dabara ta dabam.

Ka fara da tantance irin kaɗaicin

Hausa ta bambanta abubuwan da marubuta suke cuɗawa wuri guda. Kewa tana da wanda ake yi dominsa, ana kewar miji da ya yi tafiya, ana kewar gida. Maraici rashi ne da mutuwa ta jawo. Keɓewa zaɓi ce, kamar ta malamin da ya shiga halwa, kuma mai yin ta yana iya fitowa cikin nishaɗi. Kaɗaici kuwa shi ne mutum ya ji babu wanda ya san ainihin halin da yake ciki, kuma babu wanda zai iya gaya wa. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Robert Weiss, ya raba shi gida biyu tun a 1973: akwai na rashin jama'ar da mutum zai shiga cikinta, akwai kuma na rashin mutum guda da zuciya za ta jingina da shi. Wannan rabo yana da amfani ga marubucin Hausa, domin a garuruwanmu na biyun ne ya fi ba da labari. A unguwa irin Ƙofar Sauri ko Rafindadi, da wuya mutum ya kwana biyu bai fito ba ba tare da an aiko yaro ya ji ko lafiya ba. Saboda haka hoton nan na mutum shi kaɗai a kan bene yana kallon ruwan sama ta taga, wanda muke arowa daga labaran ƙasashen waje, ba ya zama daram a ƙasarmu. Ka kai tauraronka inda mutane suka fi yawa, gidan suna ko majalisa ko zauren da ake haɗuwa cin tuwon dare, ka bar kaɗaicin ya bayyana a can. Kada kuma ka ɗauka abin baƙo ne ga mai karatunka, domin rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2025 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, ke nan wanda yake karanta labarinka a waya yana iya fin ka sanin ɗacinsa, kuma zai gane idan ka yi masa shaci-faɗi.

Don kada mu yi ta magana a iska, bari mu ƙirƙiri tauraruwa guda mu riƙa gwaji da ita. Malamar firamare ce mai shekara 34, aurenta na shekara tara ya mutu, ta dawo gidan mahaifinta a cikin birnin Katsina, idda ta ƙare tun tuni, ɗanta guda ɗaya kuma yana hannun ubansa, kamar yadda aka saba gani duk da cewa a mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙon yaro. Kowa a gidan Malama yake kiranta, har ƙannenta da mahaifinta. Wadda take kiranta da sunan wasanta na yarinta kakarta ce, ta kuwa rasu. Wannan bayani na ƙarshe shi kaɗai ya yi aikin da jimla goma na "tana cikin kaɗaici" ba za su yi ba.

Ka nemo sanadi, ka kuma ɓoye shi

Ruwa ba ya tsami banza. Yawancin marubuta za su ce sakin ne sanadi su wuce, amma saki ya yi faɗi da yawa, domin mata nawa aka saka suka ci gaba da hira da dariya da neman shawarar 'yan'uwa. Ka nemi ƙaramin abin da ya faru a cikin babban. A ce lokacin da auren yake tangal-tangal Malama ta kai kukanta wurin aminiyarta ta ƙuruciya, ta faɗa mata abin da ko mahaifiyarta ba ta gaya wa ba, bayan wata biyu kuma ta ji maganar tata tiryan-tiryan daga bakin wata mata a gidan suna. Daga ranar ta kafa wa kanta doka. Ka rubuta wannan dokar a jimla ɗaya a wata takarda dabam, misali "ba wanda zai ƙara jin cikina," ka ajiye ta kusa da kai yayin da kake rubutu, kuma kada ka bari ta shiga cikin labarin. Aikinta shi ne ta zame maka ma'auni, duk abin da tauraruwar za ta yi ko ta faɗa ka gwada shi da ita.

Dole ne kariyar ta yi kama da ciwon. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, amma abin da ya yi kama da macijin yake gudu, ba ya gudun tulu ko turmi. Malama ba ta tsoron mutane. Tana iya tsayawa gaban aji cike da yara ta tsawata, tana iya yin ciniki da mai kayan miya har ya gaji ya sallama; abin da take gudu shi ne tambayar "me ke damunki?" Mutumin da dangi suka wulaƙanta lokacin da ya shiga babu zai tsare kansa ne ta fuskar kuɗi, ba ya ranta kuma ba ya karɓar kyauta. Wanda mutuwa ta yi wa ɗauki ɗai-ɗai a cikin makusantansa zai ƙi shaƙuwa da kowa. Idan ka sa tauraro yana gudun komai da kowa, ka fita daga kaɗaici ka shiga ciwon damuwa, wanda cuta ce mai zaman kanta da take buƙatar nata labarin da nata binciken.

Game da bayyana sanadin, shawarata ita ce kada ka buɗe labari da waiwaye. Ka bar mai karatu ya ga katangar tukuna har ya fara tambayar kansa dalili, sannan wajen kashi biyu cikin uku na labarin ka ba shi amsar a taƙaice, in da hali ma daga bakin wani, a layi ɗaya ko biyu.

Ka gina katangar da ladabi

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. A wurinmu ba a yarda mutum ya fito fili ya yanke hulɗa ba. Hadisi ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, kuma wanda ya daina gaisawa da mutane nan da nan za a tara masa manya. Saboda haka mai son tsare zuciyarsa da wuya ya yi amfani da gaba ko ɗaure fuska. Da kyawawan ɗabi'u yake gina katangarsa, waɗanda babu mai iya zarginsa a kansu, kuma marubucin da ya fahimci wannan ya samu mabuɗin irin wannan labari.

Tubalin farko gaisuwa ce, domin gaisuwar Hausa tana zuwa da amsarta a shirye. Ina gajiya, ba gajiya. Ina aiki, da godiya. Ina labari, sai alheri. Mutum yana iya yin minti biyar ana gaisawa da shi bai faɗi abu guda game da kansa ba, kuma babu wanda zai ce ya ɓoye wani abu. Dubi yadda za a iya sarrafa wannan a cikin labari:

Goggo ta yaye labule ta zauna a bakin katifa. "Malama, kwana biyu ban ji ɗuriyarki ba, ko lafiya?"

"Lafiya lau, Goggo. Ya ƙafar taki? Kin samu kin sha maganin kuwa?"

"Da sauƙi. Ni ke nike tambaya."

"Alhamdu lillahi. Bari in kawo maki ruwa, kin sha rana."

Kafin Goggo ta ce a'a, ta riga ta kai bakin randa.

A cikin layukan nan Malama ta kare kanta sau uku. Ta amsa da amsar da al'ada ta tanada, ta mayar da tambayar kan mai tambaya, sannan ta gudu ta fake da hidima, kuma babu kalma ɗaya ta rashin kunya a ciki. Goggo za ta fita tana shi mata albarka, mai karatu kuma zai ji cewa an rufe ƙofa ko da yake bai ji ƙararta ba.

Hidimar ma tubali ce mai zaman kanta. A gidan biki Malama ce a gindin murhu tun safe, ita ce mai tuƙin tuwo, ita ce a wurin wanke-wanke lokacin da sauran mata suka baje a ɗakin amarya ana shewa. Kowa yana yabonta da ƙoƙari, kuma yabon ne yake hana a lura cewa tun da aka fara bikin ba ta zauna gwiwa da gwiwa da kowa ba. Haka nan ka dubi yadda take yi da kyauta. Idan maƙwabciya ta aiko mata da dambu, ba ta barin kwanon ya kwana, a ranar za ta mayar da shi da abin da ya fi dambun tsada. Idan aka yi mata biki na kuɗi, ranar da hidima ta faɗo wa mai bikin za ta ninka har ta wuce abin da aka saba. A ido wannan karamci ne. Amma zumunci yana rayuwa ne da ƙananan basussukan da ake bari a tsakani, yau ke gobe ni, ita kuwa Malama tana biyan kowane bashi nan take don kada wani ya samu igiyar da zai riƙe ta da ita. Idan ka nuna kwano ɗaya yana komawa tun da ɗuminsa, mata masu karatu za su gane ba sai ka yi sharhi ba.

Idan tauraronka namiji ne, tubalin yakan zama raha. Ka ɗauki tela a kasuwar Daura wanda shi ne gishirin majalisarsu, shi ne mai tsokanar taubasai, shi ne mai tayar da gardamar ƙwallo da ta siyasa, in ba ya nan sai a ce yau majalisa ba ta yi daɗi ba. Abin da za ka sa mai karatu ya lura da shi shi ne lokacin tashinsa. Da zarar mutane sun fara raguwa, ya ga za a bar shi daga shi sai abokinsa guda, sai ya tuna da ɗinkin da ya yi alkawari, domin ya san cewa maganar gaskiya tsakanin mutum biyu take fitowa.

Akwai kuma wanda yake fakewa da ibada, kamar matar da take tayar da nafila da zarar ta ji sallamar wadda ta san za ta yi mata tambaya. Wannan abu ne da yake faruwa, kuma yana da ƙarfi a labari, amma yana buƙatar taka-tsantsan. Kada ka mayar da sallar tata ta ƙarya, domin mai yiwuwa ne a kan sallayar nan kaɗai take faɗin abin da yake ranta. Ka bar abubuwan biyu su zauna tare, tana gudun mutum kuma tana kai kuka inda ta amince ba za a tona ta ba.

Wani abu da marubuci ya wajaba ya kiyaye shi ne bambanci tsakanin kawaicin al'ada da kawaicin tsoro. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma nuna ɗokinsa a gaban mutane, alkunya take yi, kuma babu Bahaushen da zai kira wannan rashin ƙauna. Amma dubi damar da wannan ya ba mu. Ɗan Malama ɗan fari ne, don haka al'ada ta ba ta mayafin da za ta lulluɓe ciwonta da shi. Idan ƙanenta ya dawo daga unguwar tsohon mijinta ya ce ya ga yaron, ba za ta tambaya ba, kuma kowa zai ce kara ce. Aikinka shi ne ka nuna inda ta zarce ma'aunin da kowa ya sani da taƙi ɗaya kawai. Mai alkunya takan yi shiru amma ta kasa kunne, wataƙila ma ta rage dakan da take yi don ta ji. Malama kuwa ƙara ƙarfin dakan za ta yi, ko ta tashi ta shiga ɗaki neman abin da bai ɓace ba. A wannan ɗan taƙin labarinka yake.

A nan zan ɗan karkata in yi ƙorafi a kan miskilin da ya cika littattafan da ake watsawa a WhatsApp da Facebook, saurayin nan mai kuɗi da ba ya magana sai da ƙyar, yana yamutsa fuska yana wulaƙanta masu aiki, har wata yarinya ta zo ta narkar da shi. Wannan girman kai ne aka yi wa kwalliya. Mai kare zuciyarsa na gaskiya yawanci ya fi kowa sakin fuska, domin ya san ɗaure ta yana jawo tambaya.

Ka bar ta ta yi wa alheri mummunar fassara

Wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Shikago, John Cacioppo, wanda ya shafe shekaru yana nazarin kaɗaici, ya nuna cewa wanda ya daɗe a cikinsa yakan zama mai yawan sa ido ga alamun ƙi da raini, har ya riƙa hango su inda babu su, wannan kuma ya ƙara nisanta shi da mutane. Ga marubuci wannan makami ne. Ka shirya abu guda da yake ɗaukar fassara biyu, ka bar mai karatu ya ga duka biyun, tauraruwa kuma ta ga ɗaya. A ce matar yayanta ta dama fura ta ajiye mata a rufe a inuwa saboda ta san za ta dawo daga makaranta cikin rana. Mai karatu ya ga lokacin da matar ta hana 'ya'yanta taɓa kwanon. Malama kuwa da ta dawo ta gani, abin da ya zo mata shi ne an fara ware mata nata kamar baƙuwa, don haka ta yi godiya mai yawa, ta kurɓa sau biyu, ta miƙa wa yara sauran. Zafin da mai karatu zai ji a wurin nan ya fi na shafi guda na kuka, domin ya san abin da ita ba ta sani ba kuma ba shi da hanyar gaya mata.

Wannan ne ya sa na fi son a ba da irin wannan labari ta bakin mai ba da labari na gefe wanda yake manne da tauraruwa, yana ganin abin da take gani amma yana iya ɗan leƙa bayanta. Ana iya ba da shi ta bakinta, sai dai akwai tarko. Matar da ta rantse ba mai jin cikinta ba za ta zauna ta zazzage wa mai karatu shi a shafi uku ba. Idan ka zaɓi bakinta, to ta yi wa mai karatu irin abin da ta yi wa Goggo, ta riƙa cewa ba komai, ta daɗe tana bayanin yadda take jera littattafan yara, ta wuce maganar ɗanta a rabin jimla.

Mai ƙwanƙwasawa da abin da za a rasa

Katanga ita kaɗai ba labari ba ce, sai an samu mai ƙwanƙwasa ta, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, tana karɓar labari ne mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500, kuma ko ba gasa za ka shiga ba wannan ma'auni ne mai kyau, domin yana nuna maka cewa fili bai wuce na mai ƙwanƙwasawa guda da fitowa biyu ko uku ba. Ina roƙon kada ya zama manemin aure. An yi wannan har an gaji, kuma yana koya wa mai karatu cewa maganin kaɗaicin mace miji ne, alhali matan aure da yawa suna cikinsa tsundum. Ka zaɓi wanda dokarta ba ta yi tanadinsa ba. A ce wata ɗalibarta ce 'yar shekara tara da ta daina magana a aji, kullum in an tambaye ta sai ta ce ba komai, da irin muryar da Malama ta sani sarai. Yanzu ga ta tana son buɗe cikin wata, ta kuma gano cewa yarinyar ba za ta buɗe ba sai an fara buɗe mata.

Dole kuma kariyar ta jawo hasara da mai karatu zai gani da idonsa a cikin labarin. Ba ya isa a ce tana shan wahala a zuci. A ce an kawo ɗanta gidan kakansa yawon Sallah, ga shi a tsakar gida cikin sabon ɗinki yana satar kallonta, ita kuma ta fake da rabon abinci har aka zo tafiya da yara kallon hawa a Ƙofar Soro, ya tafi ba su haɗa ido ba. Wannan hasara ce da take da rana da wuri. Irin waɗannan ranaku, jajiberin Sallah zuwa Hawan Bariki a Katsina, ko Sallar Gani a Daura cikin watan Rabi'ul Awwal lokacin da gari yake cika da baƙi da dangi, suna taimakon gajeren labari, domin suna tara mutane wuri guda kuma suna da lokacin ƙarewa. Sai dai kada ka mayar da labarin yawon buɗe ido. Ba sai ka kai ta Hasumiyar Gobarau ko Rijiyar Kusugu ba don a san garin. Ƙarar bindigogin hawa ko algaita da take jiyowa daga nesa tana tsugune gaban kwanuka ta wadatar.

Ƙarshen labari da gyaran ƙarshe

Katangar da aka yi shekaru ana ginawa ba ta rushewa a yini ɗaya, saboda haka ka guji ƙarshen da za ta fashe da kuka ta rungume kowa ta nemi gafara. Motsi kaɗan ya isa, muddin ya saɓa wa dokar nan da ka rubuta a takarda. Ta bar kwanon maƙwabciya ya kwana. Ta shanye furar. Goggo ta sake tambaya, ta buɗe baki za ta ce lafiya lau, sai ta yi shiru, ta gyara mata wurin zama. Kana kuma da damar ka bar ta ta kasa, mai ƙwanƙwasawa ya gaji ya tafi, da sharaɗin mai karatu ya ga cewa ta san abin da ta rasa. Ni dai na fi karkata ga ƙaramin motsin, amma na karanta labaran da suka ƙare da rufaffiyar ƙofa suka kuma daɗe a raina.

Idan ka gama zubin farko, ka ajiye shi kwana biyu ko uku, sannan ka dawo da jan biro. Ka bi layi-layi ka ja zane a ƙarƙashin duk inda kalmar kaɗaici ta fito, da hawaye, da ajiyar zuciya, da "wani abu ya tokare mata ƙirji," da "murmushin da ya fi kuka ciwo," ka tambayi kanka a kowane wuri abin da hannunta yake yi a daidai lokacin, ka rubuta shi a madadin abin da ka soke. In ka bar hawaye, ka bar shi wuri ɗaya tak, kuma zai fi kyau ya zo a kan abin da bai kai ya kawo ba, kamar tsinkewar takalmi a hanyar makaranta. Ka duba maganganun taurari, ka bar su su yi Katsinancinsu daidai gwargwado, "mi ya faru," "ɗiyata," "na faɗa mashi," amma bayanin mai ba da labari ya tsaya a daidaitacciyar Hausa. Ka kuma ƙirga sau nawa tauraruwar ta amsa tambaya kai tsaye. In ya wuce sau ɗaya ko biyu kafin fitowar ƙarshe, to katangar ta yi ƙasa.

Daga nan ka karanta wa mutum guda labarin da babbar murya, wanda bai san komai game da shi ba, ka tambaye shi abin da matar nan take tsoro. Ka ɗauko takardar nan da ka rubuta dokar a kanta ka gwada da amsarsa. Idan ya ce tana da girman kai ne, ko ya ce bai ga abin da yake damunta ba, ka koma wurin Goggo da wurin furar ka sake su, domin yawanci a ɗaya daga cikin waɗannan wurare biyu ne ɗan taƙin nan ya ɓace.